Ranar da Na Kashe Injin Ruwan Gashuwa

"Rufe ido, Ɗan birni. Na ce ka rufe, ban ce ka kanne ba."

Na rufe. Ina kwance a kan tsohon buhu a gindin tsamiyar da ke bayan ɗakin inji, a tashar jirgin Nguru, rana ta take. Mai ba da umarnin Baba ne, tsohon makanikin famfo, Babarbare, wanda aka danƙa ni a hannunsa in koyi aiki. Kowa a tashar Baba yake ce masa, har waɗanda furfurarsu ta fi tasa.

"To, me yake cewa?"

"Wa?"

"Kakanka. Injin mana!"

"Yana cewa tuk, tuk, tuk."

"Wannan ko akuyar tasha ta sani. Kwanta. Kada ka tashi sai ka ji abin da akuya ba ta ji ba."

Haka aka koya min aikin ruwa, a kwance.

Shekarun da gyaɗa ke tashe ne, mulkin kai bai zo ba tukuna. Ni yaron Kano ne, cikin gari, ga saurin baki ga saurin ƙafa. Mahaifina tela ne. Tun ina elementare ya tanadar min keken ɗinki kusa da nasa, ni kuwa ko ƙarar keken ba na son ji. Da na dage sai aikin inji, ya ce in tafi, amma da sharaɗi: in aka gwada ni aka ce ban iya ba, in dawo in hau keke, magana ta ƙare. To ga shi an ce akwai injin ruwa a Gashuwa da ba shi da mai kula da shi, kuma bakin Baba ne zai yanke hukunci. In ya ce e, Gashuwa. In ya ce a'a, jirgin da ya kawo ni shi zai mai da ni.

A Nguru layin dogo ya ƙare, kamar ya gaji ya kwanta a rairayi. Raƙuma na durƙushe da kanwa a gefensa, ga warin fatu, ga ƙanshin bandar kifi, ga yare iri iri da kunnena bai saba da su ba. Aikinmu shi ne mu jawo ruwa daga rijiya zuwa dogon tanki, jirgi in ya iso da ƙishirwa ya sha ya juya. Aikin hannu bai ba ni wuya ba. Tada inji, zuba mai, ɗaure bel, kwance famfo a mai da shi, duk na kama da wuri, har ina yi ina waige ko Baba ya gani. Ya gani. Cewa ya yi, "Hannu ai araha ne. Ko biri ka ba sifana zai juya."

Sai ya mai da ni gindin tsamiya.

Da farko barci kawai nake yi. Daga baya na koyi tsayawa a bakin barci ban faɗa ba, kamar mai zama a bakin rijiya ƙafafunsa na lilo. A can ne ƙarar ta fara rarrabuwa. Ashe ba murya ɗaya ba ce. Akwai bugun inji, mai nauyi, kamar mata biyu na daka a turmi ɗaya. Akwai tafin bel. A ƙarƙashinsu kuma akwai wata siririyar murya, haɗiyar famfo, kamar doki na shan ruwa a kwatarniya. In na kama wannan muryar sai ta ɗauke ni ta bi da ni cikin bututu, in gangara rijiya, in ji sanyin ƙasa a ƙashina, in sake hawowa tare da ruwan har saman tanki, in hango gorubai jere har inda ido ya ƙare. Ganyen tsamiya na zubo min a fuska, ba na kaɗewa.

Wata rana ina can ƙasan rijiya a cikin kaina, sai na ji dokin ya daina haɗiya. Ya koma kurɓar iska, shuu, shuu. Na zabura. Ashe Baba ne ya sassauta bututu da gangan, yana tsaye yana kallona.

"Yauwa. Yau akuya ta bar ka." Ya kashe injin, ya kwance famfo, ya ciro min wani faifan fata mai kama da ƙoƙo. "Ka ga wannan? Ita ke jan ruwa. Ruwa ne abincinta. In ta ja iska sai ta yi zafi, ta ƙone, ta goge cikin famfon. Sabuwa kuwa sai daga Kano, sai ranar da Allah ya yi. In ka ji wannan kurɓar, kashe inji. Ko wa ke tsaye a kanka."

"Ai wannan mai sauƙi ne, Baba."

Ya mai da fatar cikin famfo. "Allah ya kai mu," in ji shi.

Abin da na fi ƙi shi ne aiken baki. In ruwa zai makara, ni Baba ke turawa in gaya wa direban jirgi, mutum mai ƙaton wuya da ba ya dariya. Ni kuwa sai in tsaya daga nesa in yi magana a ciki, ko in raɗa wa wani lebura ya kai saƙon. Baba ya gano. Ya ce, "A kasuwa bakinka ya fi na 'yar talla, amma labari in ba daɗi sai ka zama bebe? Bakin ma kayan aiki ne. Je ka tsaya inda zai ji warin guminka, ka gaishe shi, ka gaya masa abin da ya faru da abin da kake yi a kai." Na je. Direba ya zage ni. Ban mutu ba.

Da bazara ta kama sosai muka hau motar kaya ni da Baba zuwa Gashuwa. Hanyar rairayi ce, mota na iyo a cikinta kamar jirgin ruwa. Muna zaune a kan buhuna, kawalwalniya na shimfiɗa mana tafki a gaba, mu isa ya matsa. A Jajimaji aka tsaya injin mota ya huce, a nan ne na tambayi Baba abin da ya sami mai kula da injin Gashuwa na da.

"Mutumin kirki ne," in ji Baba. "Ya fi ka kunne. Ɗan garin ne, rabin masu ɗibar ruwa danginsa ne. Kogi ya ja baya, famfo ya fara kurɓar iska. Ya ji sarai. Amma gwaggonsa na tsaye a bakin famfo da tulu. Ya ce bari tulun nan ya cika. Sai na bayanta. Sai na bayan na bayanta. Fata ta ƙone. Garin ya daɗe yana shan taɓo."

"Kunya kawai?"

"Ka ce kawai? Ba ka san inda za ka ba. A ƙasar nan ka hana mutum hatsi, a ce rowa. Ka hana shi ruwa, a ce ba ka da asali."

Na gane abin da yake nufi tun kafin in kakkaɓe rairayin jikina. Gidan da aka sauke mu na wata tsohuwa ce cikin Badawan garin, 'ya'yanta duk masunta. Iya ake ce mata. Ba ta tambayi ko ni waye ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya, ruwan randa mai sanyi da ɗan garin gero a kai, ta durƙusa duk da tsufanta ta miƙo min. Sai da na shanye ta ce, da Hausarta mai lanƙwasa, "To, ɗan wa?" Kwanaki na yi ina cin tuwonta da miyar kifi muna gyaran inji ni da Baba. In na dawo da baƙin mai a hannu, ita ke zuba min ruwa in wanke.

Ɗakin injin yana kan gaɓa. Daga nan bututu ya gangara, ya ratsa farin rairayi, ya tsoma kai a wani gurbi mai zurfi. Kogin kansa ya ja da baya can nesa, ya bar gurbin da wata siririyar hanyar ruwa da ke haɗa su. Ta ɗaya gefen bututu ya hau zuwa tanki da bakin famfo a gefen gari, kana iya hango masu ɗiba daga ƙofar ɗakin.

Ranar gwaji ta faɗo daidai da sunan jikan Iya. Tun safe gidan ya cika, an kafa manyan tukwane, baƙi sun zo daga ƙauyukan bakin kogi. Baba ya miƙo min hannun tada inji.

"Yau ni baƙo ne. Kurma kuma. In ka tambaye ni wani abu, ka faɗi."

Ya tafi gindin wata kanya ya kwanta, ya rufe fuska da hula.

Bugu ɗaya inji ya tashi. Na duba mai, na duba bel, na zauna a bakin ƙofa. Tankin babu komai a cikinsa saboda daɗewar da inji ya yi a kwance, don haka abin da ya hau shi ke fita, mata na tarewa. Layin tuluna ya miƙe har ya lanƙwasa.

Ban taɓa ganin safiya irin wannan ba. Can a kogi masunta na kwance rub da ciki a kan manyan goruna, ruwa na tafiya da su a hankali, ba ka ganin motsin hannu ko ƙafa, kamar mutanen da barci ya kwashe a sararin sama. Belbelu sun yi fari a gaɓa. Wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya tun da na zauna, ban ga ya canja ba. Wani Bafulatani ya gangaro da shanunsa suka shiga ruwa har gwiwa, ƙahoninsu na rawa a cikin zafi. Daga gari ina jin daka, kuma wallahi matan sun ɗauki bugun injina suna bi. Na lumshe ido. Na kama siririyar muryar nan, ta ɗauke ni, na bi bututu na ratsa ƙarƙashin rairayi, na isa gurbi, na ji kifaye na gogar kunnena. Na ga kaina na tsufa a nan, da furfura, yara na ce min Baba.

Shuu.

Na buɗe ido. Na ce ko mafarki ne. Haɗiya, haɗiya, sai kuma shuu. Na leƙa gurbi. Ruwan ya sauka, bakin bututu ya fara leƙowa. Siririyar hanyar da ke ciyar da shi shanu sun tattake ta, rairayi ya rufta ya toshe.

Na shiga ɗaki na ɗora hannu a kan abin kashewa. Sai na yi abin da bai kamata in yi ba, na dubi bakin famfo. Iya ce a gaba. Da kanta ta zo, da zanen bikinta, don 'yan matan gidan sun kasa samun layi. Tulunta na ƙarƙashin famfo, ruwa na zuba yana yankewa.

Wata murya a cikina ta ce, tulu ɗaya ne. Muryar tana da daɗi, tana da ladabi, irin wadda uwa ke so ta ji a bakin ɗanta. Ta ce, tsohuwar nan ta durƙusa ta ba ka ruwa. Ta ce, bari ya cika kawai. Na dubi gindin kanya. Hula ba ta motsa ba. Na taɓa jikin famfo da bayan hannu, ya fara ɗumi.

Na kashe.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar nauyi. Daka ta tsaya a gari. Zalɓen nan ya sauke ƙafarsa. Sai hayaniya ta taso daga bakin famfo kamar an taɓa gidan rina.

Zan iya zama a ɗaki in ce ina gyara. Ga sifana, ga tsumma, ba wanda zai ce ƙarya nake. Amma ƙafata ta riga ta saba da zuwa wajen direban jirgi. Na fita. Tazarar ba ta da yawa, amma ranar sai da ta yi min kamar Nguru zuwa Kano. Mata suka dare. Na durƙusa a gaban Iya na gaishe ta, na yi mata barka da suna.

"Bar barkar nan. Lalacewa ya yi?"

"Bai lalace ba, Iya. Ni na kashe shi."

"Kai ka kashe?" Ta juya ta faɗa wa matan da Badanci, aka ɗauki salati. "Kana ganina? Ni da na ba ka ruwa ban san sunan ubanka ba? Yau da baƙi a gidana?"

Wata daga baya ta ce, "Dama an ce mutanen Kano har inuwa sayarwa suke!"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi.

Na ce, "Iya, tukunya in ruwanta ya ƙare a kan wuta, sauke ta ake yi ko ƙara mata itace?"

"Ji min yaro. Girki za ka koya min?"

"A'a. Ruwan gurbi ne ya sauka, famfo na jan iska. In na bar shi ya cika tulun nan, zai ƙone kamar wancan karon, ku koma taɓo har damina. In aka buɗe hanyar da shanu suka toshe, kafin azahar kowa zai ɗiba. Amma ni kaɗai ba zan iya ba. Hannuwa nake roƙo."

Ta dube ni, ta dubi tulunta da bai wuce rabi ba. Ta yi tsaki mai tsawo. Sannan ta sa hannu biyu a baki ta kwaɗa kira wajen kogi. Ban san tsohuwa na da murya haka ba. Gorunan nan da ke tafiya kamar a mafarki duk suka juyo.

'Ya'yanta suka fito da ƙwarya da fatanya. Bafulatanin ma ya zo, yana ta rantsuwa cewa ba shanunsa ba ne, alhali sawunsu na nan baro baro. Ya hango Baba a gindin kanya ya ɗaga murya, da wasan nan na Fulani da Barebari.

"Kai, bawana! Yaronka na haƙa, kai kana barci? Haka Barebari suke, in aiki ya zo sai su mutu."

Hula ba ta motsa ba, amma daga ƙarƙashinta aka ce, "Ni kurma ne yau. Amma a gaya wa ɓarawon ciyawan nan, in ya gama haƙa ya zo ya yi min fifita."

Muka yi ta haƙa, rairayi na ƙona tafin ƙafa, masunta na waƙa da yarensu ina amsawa ban san me nake cewa ba, suna ta dariya. Da aka cire toshiyar ƙarshe, ruwa ya shigo a hankali, yana shinshina hanya kamar maciji, ya gangara gurbi. Muka tsaya muna kallo har bakin bututu ya nutse.

Saura abu ɗaya. Famfon da ya sha iska ba ya jan ruwa sai an ɗura masa ruwa ta sama, kuma mai tsabta, don wanda muka dama da ƙafa duk yashi ne, zai ci fatar. Na duba bokitin ɗakin inji, na riga na ƙarar da ruwan ciki da safe. Na fito ina waige waige. Sai ga Iya a bakin ƙofa, tulu a ka. Ta biyo mu tun ɗazu tana kallo.

"Me kuma?"

Na gaya mata, kaina a ƙasa.

"Wato ka hana ni cikawa, yanzu kuma rabin ma kake so."

"Haka ne, Iya."

"Kai da injinka duk baƙi ne marasa kunya." Ta sauke tulun. "Ina bakin nasa?"

Na nuna mata. Ba ta yarda na karɓa ba. Da hannunta ta zuba, a hankali, har ɗigon ƙarshe, tana yi masa magana ƙasa ƙasa da Badanci kamar mai shayar da jariri. Na juya hannun tada inji. Inji ya yi tari, ya kama. Na rufe ido a tsaye. Bugu, tafi, sai can ƙasa na ji dokin ya sa baki a kwatarniya. Kafin in buɗe ido guɗa ta tashi daga bakin famfo.

Sai da layi ya ragu Baba ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya zo ya taɓa jikin famfo da bayan hannu.

"Ka ɗan daɗe," in ji shi. "Ina jin ka kana shawara da kunyarka."

Na tsaya ina jiran hukunci. Keken ɗinki kawai nake gani.

"Kunne dai na san kana da shi tun Nguru. Abin da ban sani ba, ko hannunka zai kashe, kuma ko ƙafarka za ta kai ka gaban tsohuwa. Wannan ba a gane shi a gindin tsamiya." Ya zaro babbar sifanarsa daga aljihu, wadda ba ya bari kowa ya taɓa, ya ajiye a kan taga. "Gobe zan bi mota. Ka riƙa zagaya gurbin nan kowace safiya kafin ka tada inji, da ka yi haka yau da ba a kai ga wannan ba. Yanzu mu je, kafin Bafulatanin can ya cinye naman suna."

A gidan suna Iya ta aiko min da ƙwarya. Ruwa ne, na famfo, har bai gama sanyi ba. Yarinyar da ta kawo ta ce, "In ji Iya, wai ka sha, ita ba ta hana ruwa."

Na daɗe a Gashuwa. Daga baya injuna suka canja, lantarki ya zo, aka riƙa turo min samari in koya musu, wasu sun fi ni karatu nesa ba kusa ba, hannunsu kuma ya fi nawa sauri. Nakan kwantar da su su saurara, nakan aike su da labari mara daɗi. Amma har na bar aiki ban sami hanyar sanin abin da mutum zai yi ba sai ranar ta zo masa da kanta. Har yau in na ji daka daga nesa da rana tsaka, sai in ga goruna na tafiya a kan ruwa, in ji hannuna a kan ƙarfe mai ɗumi.

Ku fa? In hannunku ne a wurin, wadda ta shayar da ku tana tsaye da tulu rabi, ranar sunan jikanta, za ku kashe, ko za ku bari ya cika?